Garin da Babu Mai Kare

Talata Mafara,
ranar Alhamis.

Zuwa ga taubashiyata Surayya, a Bakura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, da maigida Malam Nuruddeen, da yara, da ɗaliban Islamiyyar da kike gasawa da hadda. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Jibrin direba ya ce mini wayarki ta faɗa kanal wajen wanki, shi ya sa na koma ga biro da takarda. Allah ya mayar da alheri. Kifayen Bakolori nake tausaya wa, don na san sun sha surutu.

Albishirinki. Bawan nan naki da kike rainawa ya girgiza majalisar ƙaramar hukuma. Tun da na zama kansila aka jefa ni kwamitin tsabta, kuma kin san yadda garin nan yake kwana in kasuwar Talata ta watse. Ledoji ko'ina, ɓawon rake, kashin shanu tun daga kara, inda ake cinikin dabbobi, har bakin titi. Ga karnuka. Watan jiya wani ya ciji wata yarinya a bakin tasha, sai da aka kai ta Gusau aka yi mata allura. Allah ya sa ta warke, amma hankalin iyaye ya tashi.

Sai na kawo shawara a ba wani kamfani aikin shara da na karnuka, a gwada shi tukuna, in ya yi kyau a jefa ƙuri'a. Surayya, da kin ga zauren nan. Manoman albasa suka turo wakilai, wai in mota ta kwashe kashin kara ta zubar a daji, da me za su yi taki? Matan da ke sharar kasuwa kuwa da tsintsiyoyinsu suka zo, shugabarsu Nagode a gaba. Ta nuna ni da tsintsiya ta ce, "Ɗan nan, tun kana yawo ba wando ni ka sharar kasuwag ga. Motar taku ta iya shiga lungun masu daddawa?" Aka yi ta dariya, har da ni.

Maganar karnuka ce ta cece ni. Abokin aikina Alhaji Ishaq ya miƙe ya gyara malum-malum ya ce, "Wanga garin malamai na, ba garin karnai ba. A kwashe su dut." Aka yi masa tafi. Aka amince da gwaji.

Kamfanin ya turo wani baƙo mai ladabi, Mustapha, ya bi gida-gida yana sallama yana tambaya ko akwai kare, don a yi masa allurar rigakafi a ɗaura masa abin wuya. Kin san abin da ya samo? Duk faɗin Mafara babu mai kare ko mutum ɗaya. Ashe duk haushin da ke hana mu barci na marasa iyayengiji ne. Aiki ya zo da sauƙi, tun shekaranjiya ake ta kamawa.

Ki fara koya wa yaranki cewa "ranka ya daɗe", don na ga alamar nan gaba kujerar tawa za ta ƙara girma. Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Tukur, kansila.


Bakura,
ranar Juma'a.

Zuwa ga bawana Tukur.

Wa alaikumus salam. Gaisuwarka ta iso, mun amsa. Ina gajiya, ina aiki, ina matarka Fatiha da jariri? Maigida yana gaishe ka. Wayata kuwa ka bar ta inda take, ta fi ka sanin ya kamata, ita ta yi shiru.

Na karanta wasiƙarka na yi dariya har sai da yara suka leƙo. Daga baya na daina dariyar. Tukur, kai da aka haifa a Mafara, aka yanke maka cibiya a garin nan, ka aika baƙo da rana tsaka ya tsaya ƙofar gidan dattijo, maƙwabta na zaune a dakali, ya ɗaga murya ya ce, Alhaji kana da kare? Me kake so ya ce? A wurinmu kare na gona ne, ko na yara ne, ko kuma haka nan ya saba da ƙofar gida. Ana ba shi tuwo, ana jin daɗin haushinsa in ɓarawo ya zo, amma ba a buɗe baki a ce nawa ne. Boko ne ya mantar da kai, ko kujerar?

Yanzu ga abin da ya sa na ba Jibrin wannan tun da sassafe. Wa ya amsa wa baƙon naku a gidanmu? Ka san Baba yana Maradun wajen jinyar yayansa, Baffa Ma'aruf. In ɗalibansa ne suka amsa, na san me suka ce, don ba wanda zai yarda a ji gidan Malam Abdulmumini da kare.

Akwai wani ja, mai yagaggen kunne. Yana ɗan kwikwiyo ya ɓullo a gonar albasar Baba, a shekarar da Inna ta rasu, Baba kuwa bai kore shi ba. Ban taɓa ganin ya taɓa shi da hannu ba. Amma kullum sai ya rage tuwo ya ƙunshe ya ce na tsuntsayen gona ne, ni kuwa ban taɓa ganin tsuntsun da ake ajiye wa ƙashi ba.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Bara da na zo gida, na kai masa fura gona da kaina. Kafin in yi sallama sai na ji yana magana a bayan bukka. Na ɗauka baƙo ya yi. Ashe karen ne a kwance can gefe, Baba yana ba shi labarin yadda ruwa ya yi ƙaranci a kanal, da yadda Inna take son albasar farko. Na koma da baya na tsaya a nesa, sai da na yi tari sannan na ƙaraso. Tun rasuwar Inna ban ji Baba ya ambaci sunanta a gaban mutum ba. Mutane suna zuwa wurinsa da tambaya da kuka da neman addu'a, ba mai zuwa ya saurare shi.

In Baba ya yi tafiya, karen nan barin gona yake ya shigo gari ya kwanta a bakin tasha yana jira. Ka ajiye girman kansila ka je ka duba. Ina tsoro.

Uwarɗakinka,
Surayya.


Talata Mafara,
ranar Asabar.

Surayya,

Salamu alaikum, ina kwananku? Yau ba ni da bakin tsokana. Karen gonar Kawu yana ciki. A bakin tasha aka kama shi, tun ranar farko.

A tsohon siton da ke bayan kara aka tara su, an yi shinge da waya. Na je na gan shi a kusurwa, ya ɗora haɓa a kan ƙafafu. Mustapha ya ce duk sauran suna haushi suna faɗa a kan abinci, shi wannan ko kallon kwanon bai yi ba, ruwa kawai yake lasa.

Ga inda na ɗaure kaina. Da hannuna na tsara ƙa'idar, majalisa ta amince. Duk mai kare ya zo da kansa ranar Talata bayan la'asar, ya tsaya gaban kwamiti da jama'a ya ce nasa ne, karen kuma ya nuna ya san shi. Na yi haka ne don kada wani ya kwashi na wani. Wanda ba a karɓa ba, ranar Laraba da safe babbar mota za ta tafi da shi. Ban tambayi inda za a kai su ba, don na san amsar.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na ce wa Mustapha nawa ne. Ya dube ni ya ce, to ranka ya daɗe, kira shi mu gani. Na yi fito, na tafa hannu, na durƙusa ina lallashi kamar mai biko. Da na matsa kusa sai ya miƙe ya kama gefen babbar rigata, wadda na ɗinka don rantsarwa, ya raba ta biyu. Na dawo gida a naɗe da ita kamar zane. Fatiha ba ta daina dariya ba har yanzu.

Wani abin mamaki, hanyar bayan siton nan da ba mai bi ta zama titi. Dattawa na ta wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa wai akuyarsa ce ta ɓata. In mutum ya duba hagu da dama sai ka ga ƙunshin tuwo ya tsallaka katanga. Na fara gane abin da kika faɗa.

Na rubuta wa Kawu, Jibrin zai miƙa wa masu motar Maradun. Ki sa mu a addu'a.

Tukur.


Maradun,
ranar Lahadi.

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Abdulmumini zuwa ga ɗana Tukur, Allah ya yi masa albarka, ya sa ya gama da shugabanci lafiya. Aminci ya tabbata a gare ka da iyalinka. Bayan haka, takardarka ta same ni. Baffanku yana samun sauƙi, har ya fara zama a shimfiɗa, alhamdu lillahi.

Game da abin da ka ambata, ka sani malamanmu sun halatta ajiye kare don tsaron gona, da kiwo, da farauta. Babu laifi a kan wanda ya yi haka. Kuma abin da kuka yi na kare yara daga cizo daidai ne, ban zarge ka ba.

Amma ni ba ni da kare. Akwai dai wata dabba da ta saba da gonar, Allah ya kawo ta, shi yake ciyar da ita. Ka san zaman da nake a Mafara. Tun mahaifina ake karatu a zauren nan, mutane suna bin mu salla, suna kawo mana 'ya'yansu. Bakin mutane ba ya bin littafi. In na tsaya a bayan kara ranar kasuwa da rawanina ina kiran kare, ba halaccin za a tuna ba. Saboda haka ban ga dalilin da zai sa in bar jinya in taho ba. In da hali a buɗe masa ƙofa a hankali ba tare da taro ba, zai gane hanyar gona da kansa.

Kafin nan, a bar tuwon ya huce, ba ya cin mai zafi. A shimfiɗa masa buhu, don ƙafarsa ta baya tana ciwo in ya kwanta a siminti. Kada a haɗa masa kwano da manya, ba ya faɗa a kan abinci, barinsa yake yi. Kuma a faɗa wa yaran kamfanin kada su daka masa tsawa.

Allah ya yi mana jagora. Wassalam.

Kawunka,
Abdulmumini.


Bakura,
ranar Litinin.

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba ina wuni, ina gajiya, ya mai jiki? Allah ya ƙara wa Baffa lafiya, ya ba ka ladan jinya. Jikokinka suna gaishe ka, maigida ma yana miƙa gaisuwa.

Baba, a gafarce ni in na yi shisshigi. Tukur ya turo mini wasiƙarka na gani. Ya ce ba zai iya buɗe ƙofar a ɓoye ba, don in ya buɗe wa kawunsa, da wane ido zai kalli talakan da aka hana? Ina ganin kai ma da wani ne ya tambaye ka, haka za ka ce masa.

Kai ka koya mana cewa abin da Allah ya halatta ba a jin kunyarsa. Ban isa in tuna maka karatu ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, ni ina Bakura, yayyena suna nesa, kuma in na tuna kana tafiya gona kai kaɗai da safe, abin da ke kwantar mini da hankali shi ne na san akwai mai tarbarka a can. In motar Laraba ta tafi da shi, mutanen gari ba su rasa komai ba. Kai ne za ka isa bukkar nan ka tarar ba kowa, ni kuma ba zan iya jure tunanin haka ba.

Gobe ne bayan la'asar. Har yau bai ci komai ba.

'Yarka,
Surayya.


Talata Mafara,
ranar Laraba.

Zuwa ga uwarɗakina Surayya, Allah ya ja zamaninki.

Gaisuwa irin ta bawa ga uwarɗaki, na yarda yau. Ki zauna sosai kafin ki karanta, ki kuma kori yara, don za ki yi dariyar da ba ta dace da malamar Islamiyya ba.

Jiya bayan la'asar muka jera kujeru a gaban siton. Kasuwa ba ta watse ba, don haka kowa ya zo kallo, masu shanu da masu rake, da Nagode da rundunarta. Mustapha ya yi shela, duk mai kare ya fito. Ba wanda ya fito. Ya sake. Dattawan da suka yi ta ɓatar da awaki duk suna nan a sahun gaba, kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Alhaji Ishaq ya juyo ya ce mini, "Ka gani ko? Na hwaɗa maku. A kira mota." Ni kuwa na yi ta leƙen hanya har wuyana ya gaji ban ga Kawu ba.

Ana shirin tashi sai ga motar Maradun ta tsaya a bakin kara. Kawu ya fito da farar riga da rawani, da sandarsa. Jama'a suka dare, ana ta durƙusawa, ana Allah gafarta Malam. Kowa ya ɗauka addu'ar rufe taro ya zo yi. Alhaji Ishaq har ya ba shi kujerarsa. Kawu bai zauna ba, ya tsaya nesa kaɗan da shingen yana amsa gaisuwa, bai kalli ciki ba.

Sai muka ji kuka. Jan karen nan da bai yi ko tari ba tun da aka kama shi ya taso da ɗingishi, ya manna hanci a waya, yana wani irin kuka siriri, jikinsa duk yana kaɗawa. Kowa ya kalli karen, ya kalli Kawu. Na ga wani ɗalibinsa ya matso zai ce wani abu don ya rufa asiri, Kawu ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe a tsaye, Surayya. Sannan ya juyo ga kwamiti ya ce da muryar da yake jan salla:

"Wanga nawa na. Shi ka tsaron gonata, ni ka ba shi abinci. A buɗe mai."

Ban san hawaye ya zubo mini ba sai da na ji gishiri a bakina.

To daga nan ne abin ya lalace. Mustapha ya je buɗe ƙofa don ya fito da guda ɗaya, sauran suka danno. Ƙofa ta faɗi. Mata suka yi ta kansu, masu rake suka hau kan amalanke. Amma ba wanda aka ciza. Kowane kare ya nufi sahun gaba kai tsaye, ya sami mutuminsa, yana tsalle yana kaɗa wutsiya. Mai unguwarmu yana ta cewa "Tahi can, ban san ka ba," karen yana kwance a kan takalminsa. Alhaji Ishaq kuwa wata baƙar karya ce ta zagaye shi da 'ya'yanta, suna ta jan malum-malum ɗin. Ya ɗaga kai sama ya ce, "Na yara na." Nagode ta ce, "To Alhaji, ai yaran ma naka na." Har Kawu sai da ya rufe baki da gefen rawani.

Da aka ga Malam ya faɗa, sai kowa ya sami baki. Aka yi layi, ana nawa na, nawa na, ana yi musu allura ana ɗaura abin wuya, har aka kira magariba. 'Yan kaɗan da suka rage ba mai su, mafarautan Birnin Tudu da suka zo cin kasuwa suka ce a yi musu allura su tafi da su. Babbar motar da safen nan wayam ta koma.

Yau majalisa ta zauna, ba a ma daɗe ba. Kamfani zai riƙe allurar karnuka da kwashe bola daga bakin titi. Shara a cikin kasuwa ta Nagode ce da matanta, kashin kara kuma na manoma ne, su zo da amalankensu. Alhaji Ishaq ne ya fara ɗaga hannu.

Na ga wucewarsu jiya, Kawu a gaba da sanda, karen a baya da 'yar tazara kamar yadda suka saba, sun nufi hanyar gona. Ban bi su ba. Ki turo mini ƙyallen riga in kina da tausayi.

Bawanki,
Tukur.


Talata Mafara,
ranar Juma'a.

Daga Abdulmumini zuwa ga ɗiyata Surayya, Allah ya yi mata albarka. Aminci ya tabbata a gare ki, da maigidanki, da jikokina.

Bayan haka, na dawo gida lafiya. Ba ki yi shisshigi ba. Sahun asuba bai ragu ba, sai ma wasu dattawa da ke tsayawa bayan salla suna tambayata maganin ƙuma. Karen ya ci abinci, ƙafar ma da sauƙi.

Yaron kamfanin ya tambaye ni sunansa don ya rubuta a abin wuyan. Na buɗe baki in ce ba shi da suna, sai na ji na ce Aboki. Ban san na daɗe da sa masa ba sai da na ji shi a bakina.

In kin zo ki kawo mana fura gona. Ba sai kin yi tari ba.

Wassalam.
Mahaifinki.